Wanke Sandar Auna Ruwa Ko Sayen Sabuwa?

A injin espresso (na haɗa kofi) mai tukunyar tururi, wata siririyar sandar ƙarfe ce ke gane yawan ruwa. Da zarar ruwa ya taɓa ta, famfon da ke ɗura ruwa ya tsaya. In ta daina aiki, sau tari ba lalacewa ta yi ba, farin gishirin ruwa ne ya daskare mata a baki, sai injin ya yi ta ɗura har ruwa ya ɓullo ta bututun tururi. Jiƙawa cikin asid ɗin sitirik (sinadarin tsamin lemo) kan magance wannan, kusan a kyauta.

Amma in rufinta na Teflon (wata irin roba) ya tsage, wanki aikin banza ne, sai sabuwa. A nan ka auna tsawo da kyau, domin gajeriya cika tukunya za ta yi fiye da kima. Ni wanki nake fara gwadawa, bayan na zare soket, tukunya ta huce.