Katin Tarot: na Marseille ko Rider-Waite?

Tarot katuna ne masu hotuna da wasu ke duba da su. Masu sha'awar tsohon zane suna yawan tambayata wanne za su saya cikin waɗannan iri biyu. Ni dai don nazari nake ajiye su, ban da duba.

Dukansu kati 78 ne. Dubi na 13, katin mutuwa. A na Marseille, tsohon salon Faransa, ƙwarangwal ne da lauje yana girbi, ko suna babu. A Rider-Waite, zanen Pamela Colman Smith na 1909, yana kan farin doki sanye da sulke, sarki kwance a ƙasa, rana na leƙowa can nesa. Wannan rana mai leƙowa tana taɓa zuciyata.

Rider-Waite ya fi sauƙin fahimta, kowane kati da labarinsa, ya dace da mai farawa. Na Marseille, mai ƙananan katuna masu alamomi zalla irin su takubba da kofuna, sai mai haƙuri da son tarihi.