Daga Westray zuwa Papa Westray: minti ɗaya da rabi a sama

Na daɗe ina jin labarin wannan zango, wai duk duniya babu tafiyar jirgin fasinja mai jadawali da ta kai shi gajarta. Da na samu zuwa tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan a Birtaniya, na ce gani ya kori ji.

Tsakanin filin jirgin Westray da na Papa Westray kilomita 2.7 ne kacal. Kana tsaye a wannan, kana hango tsibirin da za ka sauka a ƙetaren ruwa. Kamfanin Loganair ne ke jigilar tun 1967, da ɗan ƙaramin jirgi samfurin Britten-Norman Islander mai ɗaukar fasinja 8. Matuƙi ɗaya ne, kuma shi da kansa ya juyo ya nuna mana yadda ake ɗaura bel da inda ƙofa take. Kujerata tana daf da bayansa, ina kallon yatsunsa a kan maɓallai.

Injinan biyu suka ɗauki ruri, jirgin ya ɗan yi gudu, sai ga mu a kan teku, ruwan kore shar, duwatsun gaɓa na bayyana ƙarƙashinsa. Kafin in gama saita wayata don ɗaukar hoto, mun fara sauka. An tsara tafiyar a kan minti ɗaya da rabi, amma matuƙi Stuart Linklater ya taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53.

Abin da ya fi taɓa ni ba gajartar ba ce. Wata dattijuwa ce a gefena, ta rungume jakar cefane, ko tagar ba ta kalla ba. A wurinta wannan jirgi motar haya ce. Mutanen Papay, kamar yadda 'yan gari ke kiran tsibirin, ba su kai 100 ba, kuma da shi suke zuwa Kirkwall, babban garin Orkney, ganin likita, da shi malamai ke zuwa koyarwa. Tun daga nan na daina kallonsa a matsayin abin nishaɗi.

Don haka mai zuwa yawon buɗe ido ya kama kujera da wuri, ya kuma rage kaya, wurin ba yawa. Ƙarar injin tana da ƙarfi, kuma iskar Orkney ba ta da tabbas, ka bar wa kanka sarari a tsarin tafiyarka. Kada ka sauka ka juya nan take. Ni na taka da ƙafa har Knap of Howar, gidajen dutse biyu da suka haura shekara 5,000, na sunkuya na shiga ta ƙofar da masu su suka gina, iska na kaɗawa a waje, ciki kuwa shiru.