Zanzibar ko kudancin Benin: amsa ga mai son kai iyali bakin teku

Ƙanena, jiya da dare ka tambaya cewa ka ɗan tara wani abu, kana son ka kai mai ɗakinka da yaranku uku su ga teku a babban hutun makaranta, amma zuciyarka ta rabu biyu tsakanin Zanzibar da kake ganin hotunanta da kuma Kwatano da kewayenta. Allah ya sa na taka duka biyun, Kwatano sau da yawa don harkar kasuwa, Zanzibar sau ɗaya tak. Da yara uku, ni dai Benin zan nuna maka, ga kuma dalilina.

Mu fara da aljihu, tunda shi ke yanke hukunci. Zanzibar tsibirai ne na Tanzaniya a can gabashin Afirka. Daga Yamai sai jirgin sama, galibi ta Addis Ababa, ga tikitin mutum biyar, ga biza, ga inshorar dala 44 da suka ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024, sannan ka canza kuɗinka zuwa shilin. Kwatano kuwa tafiyar kilomita kusan 1,000 ce ta Dosso, Gaya, Malanbil da Paraku, babu biza, kuma sefar da ke aljihunka ita za ka kashe. Sai dai tun da aka rufe iyaka a Yulin 2023 matafiya suka koma tsallake kogi da kwale-kwale tsakanin Gaya da Malanbil. Kafin ka sa rana ka je tasha da ƙafarka ka ji halin da hanya take ciki. In sai ta ruwa, kada ka sa yara a kwale-kwalen da aka cika maƙil, kuma kada ku yi tafiyar dare a arewacin Benin. In zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai jirgi ta Lome.

Ta fuskar teku, Zanzibar ta yi gaba nesa. Yashin fari fat, ruwan kuma garai-garai, kana tsaye kana kallon yatsun ƙafarka a ƙasa. A gabashin tsibirin, wajen Paje, in teku ya janye yakan yi nisa sosai, sai ka ga mata sun shiga da zannuwansu suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyi, don noma ta suke yi. Tekun Benin kuwa na kallo ne. Igiyarsa na da ƙarfi, tana jan mutum ta ƙasa. Yaran da suka saba da kogin Isa za su ɗauka duk ruwa ɗaya ne. Riƙe hannunsu, su jiƙa ƙafa, su ɗebi ƴan katantanwa, ya isa haka.

Abin da ya fi kama ni a Zanzibar shi ne tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. Lunguna ne matsattsu, mota ba ta shiga, ƙofofin gidaje na katako an sassaƙa su da zane. Mutanen kusan duk Musulmi ne, kiran salla na zuwa maka ta kowace kusurwa, abinci kuma ba sai ka yi ta tambaya ba. Ka kasa kunne ga Suwahilinsu za ka ji habari, ka ji asubuhi, ka ji sabuni, wato labari da asuba da sabulu, Larabci ne ya haɗa mu. A wata gona bayan gari wani saurayi ya ɓanɓaro ɓawon itace ya miƙo mini, na sansana, ashe kirfa ce. Ya nuna mini kanumfari yana ɗanye a reshe, abin da tun ina yaro ban san shi ba sai a ƙullin leda a kasuwa. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, shi ya bunƙasa nomansa, har ya mayar da fadarsa tsibirin wajen 1840. Akwai jajayen birai a dajin Jozani, da manyan kunkuru a tsibirin Changuu waɗanda wasunsu sun haura shekara 100. Amma ka sani, otal-otal na bakin ruwa irin na Nungwi na ƴan yawon buɗe ido ne daga Turai, da giyarsu da shigarsu.

To me ya sa duk da haka na ce Benin? Saboda abin da yara za su dawo da shi a kansu.

Ka kai su Ganbiye. Daga Abome-Kalabi, kusa da Kwatano, ake shiga jirgin ruwa a tafkin Nokuwe, sai ga gari sukutum a kan turaku, mutum fiye da dubu 20. Kasuwa a kan ruwa take, mata na ciniki daga kwale-kwale zuwa kwale-kwale. Na ga yarinyar da ba ta wuce shekara bakwai ba tana tuƙa nata ita kaɗai, da jarkar ruwan sha a gabanta. Masunta na kafa rassan itace a cikin tafkin, kifi ya taru ya yi ƙiba a wurin, su kewaye da taru. Kakanninsu ƴan ƙabilar Tofinu gudun masu kamen bayi ne ya kai su tsakiyar ruwa.

Daga nan sai Wida, kilomita wajen 40 yamma da Kwatano. Akwai hanya mai tsawon kilomita 4 daga cikin gari zuwa gaɓa, wadda aka riƙa kora bayi a kanta, a ƙarshenta kuma ƙofar tunawa da aka gina a 1995, wadda suke kira ƙofar da ba a dawowa. Na bi ta da ƙafa, kuma ban iya magana ba da na isa bakin ruwan. Wannan tarihin namu ne, ƙanena. Cikin waɗanda aka loda a tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da aka kama a yaƙe-yaƙe. A Bahiya ta ƙasar Barazil, bayi Hausawa sun ƙulla tawaye a 1807, kuma a boren Musulmi na 1835, cikin watan azumi, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Zanzibar ma tana da tata kasuwar bayi da aka rufe a 1873, amma a Wida ne za ka iya ce wa ɗanka ta nan aka wuce da namu. Ɗakin tsafin mesa da ke garin ba dole ba ne ku shiga.

A kan hanyarku ta dawowa ku ratse daga Bohikon zuwa Abome, ku ga fadojin sarakunan Dahome na jar ƙasa, da ke cikin jerin UNESCO tun 1985. Nan ne garin Sarki Behanzin da ya yaƙi Faransa, aka kai shi gudun hijira, ya rasu a Aljeriya a 1906. Kayan fada 26 da sojojin Faransa suka kwashe a 1892 sai a Nuwamban 2021 aka maido wa Benin.

Batun masauki da abinci, ka sauka kusa da Zongon Kwatano. Hausa za ka ji, masallaci na nan, mahauta namu ne. Lokaci kuma, Agusta ya fi, don ruwan sama mai yawa na kudancin Benin daga Afrilu zuwa Yuli yake. Zanzibar ka ajiye ta sai ranar da za ku tafi ku biyu kai da mai ɗakinka, tsakanin Yuni da Oktoba, yara suna wurin kakarsu.