Allurar gaɓoɓin ƙashin baya: abin da ta yi mini da abin da ta kasa

Shekara uku na yi ina fama da ciwon ƙugu, irin wanda yake tsananta idan na daɗe a tsaye gaban allo ina koyarwa, ko kuma lokacin ɗagowa daga ruku'u, har ta kai ga ina yin sallar asuba a kan kujera. Na sha diclofenac har cikina ya fara ƙuna, an yi mini ƙaho sau biyu, na shafa man zafi iri-iri, amma sauƙin bai taɓa wuce na yini ɗaya ba. Da hoton MRI ya fito, likitan ƙashi ya nuna mini cewa ƙananan gaɓoɓin da suke haɗa ƙasusuwan baya, guda biyu a kowane mataki, sun zaizaye tsakanin L4 da L5, wato ƙashi na huɗu da na biyar na ƙasan baya, sannan ya ba da shawarar a yi mini allura a cikinsu.

Aikin bai kai rabin awa ba. An kwantar da ni rub da ciki, an sa mini matashi ƙarƙashin mara, an goge wurin da magani mai sanyi, sannan aka kashe fatar. Likitan yana kallon hoton da na'ura take haskawa yana tura allurar a hankali, kuma da ta isa gaɓar sai na ji ainihin ciwon da na sani ya motsa, kamar an danna tsohon miki da yatsa. Ya ce, "Malam, nan ne ko?" Na ce masa nan ne. Maganin kashe zafi ya zuba tare da sitiroyid mai rage kumburi.

Da yammacin ranar na yi sallar la'asar a tsaye ba tare da jin komai ba, har na fara yi wa iyalina albishir. Ashe na yi gaggawa, domin da maganin kashe zafin ya sake ni cikin dare, ciwon ya dawo fiye da da, ya kuma kwana biyu a haka. A nan nake da ƙorafi: babu wanda ya faɗa mini cewa hakan abu ne da aka saba gani, kuma sitiroyid yakan ɗauki kwanaki kafin ya fara aiki. Haka kuma sugana ya hau na kusan mako guda, abin da duk mai ciwon suga ya kamata ya tambaya a kansa tun kafin ya kwanta, kamar yadda mai shan maganin tsinka jini ya kamata ya sanar da likita.

Daga kwana na biyar sauƙi ya samu, ya kuma kai kusan wata uku kafin ciwon ya fara leƙowa. Da na koma na nemi a sake yi mini, likitan bai yi rawar jiki ba. Ya bayyana mini cewa allurar ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye, yawaita sitiroyid kuma yana da illa, har ma NICE, hukumar da take tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, a ƙa'idojinta na 2016, ba ta goyi bayan yin ta a matsayin maganin ciwon ƙugu ba. A ganinsa, babban amfaninta a wurina shi ne awannin farko da ciwon ya ɗauke, domin sun nuna daga inda yake tasowa.

A ganina kuwa, amfaninta shi ne watannin nan uku, saboda a cikinsu ne na iya jure atisayen sashen gashin ƙashi wanda a da nake tserewa tun a zama na biyu. Kuɗin ya yi wa albashin malamin makaranta nauyi, kuma ba zan sake biya don allura ita kaɗai ba. Yanzu ina tafiyar minti 30 kowace safiya, likitan kuma ya ce idan ciwon ya sake tsananta za a yi gwajin kashe ƙananan jijiyoyin gaɓar na ɗan lokaci da maganin kashe zafi, a ga ko ƙona su zai yi amfani. Kujerar tana nan a gefen sallaya, amma sai na yi sati ban hau ta ba.