Rigar ruwa ta hawan babur: haɗaɗɗiya ko mai wando daban?

Ɗan'uwa, ka ce kullum a kan babur kake zuwa wurin aiki, ga damina ta kawo kai, kana son sanin wadda ta fi tsakanin rigar ruwa haɗaɗɗiya, wato wadda aka ɗinka riga da wando wuri guda, da wadda rigar take daban wandon daban. Ka kuma tambaya ko ta roba mai kauri ta fi ta nailan. Ga mai zirga-zirgar yau da kullum irinka, na fi karkata ga mai kashi biyu ta nailan, da sharaɗin ka duba ɗinkinta da wandonta da kyau, domin a waɗannan wurare biyu ne yawancin rigunan ruwa suke ba da kunya.

Mai tafiya a ƙasa daga sama ruwa yake sauko masa. Mai babur kuwa, da zarar ya kama gudu, ta gaba ruwan yake dukansa, iska tana cusa shi ta wuya da bakin hannu da haƙoran zif, sannan abin da ya gangaro daga ƙirji da tanki ya taru a kan sit, tsakanin cinyoyi, mutum ya danne shi da dukkan nauyinsa. Shi ya sa rigar da ta ishi mutum tsallaka titi take fara yoyo cikin ɗan lokaci a kan babur. Jiƙewar kuma ta wuce rashin jin daɗi, domin ruwa yana janye ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da yadda iska take yi, kuma yatsun da sanyi ya sandarar ba sa kama birki a kan kari.

Babban abin da haɗaɗɗiya ta fi da shi shi ne ba ta da tsaga a kugu, saboda haka babu inda iska za ta ɗaga ta tura ruwa ciki. Wanda zai yi awoyi a kan babbar hanya ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ita ce ta fi dacewa da shi. Wahalarta tana wajen sakawa. Hadari ya haɗu, ka tsaya a bakin hanya, kana tsaye da ƙafa ɗaya kana neman zura takalmi ta cikin ƙafar wando, dunduniya ta maƙale, kafin ka jawo kafaɗun ka ja dogon zif ɗin daga cinya zuwa wuya kayan jikinka sun riga sun sha ruwa. Wannan dogon zif ɗin shi kansa ƙofar yoyo ne idan ba a yi masa marufi mai ninki biyu ba, tun da ƙarshensa yana sauka kusa da inda ruwa yake taruwa. Idan ta yage a gwiwa, duka ka rasa. Idan kuma kana da dogon jiki, kana sunkuyawa ka kama kan babur za ta ɗaure ka a kafaɗa da hantsa, ɗinkin ya riƙa buɗewa a hankali.

Mai kashi biyu ta fi sauƙin sha'ani. A yayyafi kana iya saka rigar kaɗai, idan kuma ruwa ya ɗauke hanya ba ta bushe ba, wandon kaɗai ya isa ya tare abin da tayoyi suke fesowa. Kana isa wurin aiki ka cire ta nan take, kuma duk wanda ya lalace a cikin biyun shi kaɗai za ka sake. Rauninta yana kugu: sunkuyawa tana ɗaga bayan rigar, iska ta samu hanya. Maganin wannan a wajen saye yake. Ka nemi rigar da bayanta ya fi gabanta tsawo, mai igiyar tsukewa a ƙasa, da wando mai hawa har sama da cibiya, ko ma mai rufe ƙirji da madauri a kafaɗa. Wandon kada ya kasance da aljihu ko zif a gaba. Idan aka samu haka, tazarar da ke tsakaninta da haɗaɗɗiya wajen tare ruwa ba ta da yawa.

A kan yadin kuwa, robar da ake kira PVC ba ta barin ko ɗigo ya wuce, sau da yawa ma da zafi ake manne gaɓoɓinta, allura ba ta huda ta ba, kuma tsumma kawai ya isa ya goge mata laka. Sai dai tana da nauyi, tana sandarewa a sanyi, tana tsagewa a inda ake yawan naɗe ta, kuma ba ta barin gumi ya fita, har mutum ya cire ta ya tarar da rigarsa sharkaf ya ɗauka yoyo ta yi. Ita kuwa marar kaurin nan mai kama da leda, iska ce take kekketa ta tun a tafiyar farko. Nailan ko foliyesta da aka shafe cikinsa da sinadarin PU, wato wani siririn shafe mai kama da roba da yake hana ruwa wucewa, ba shi da nauyi, ya fi jure ja, kuma yana naɗuwa ya shiga ƙarƙashin sit ko jaka, wanda hakan ke nufin zai kasance tare da kai ranar da ruwa ya zo babu shiri. Amma ɗinka shi ake yi, kuma kowace hudar allura hanyar ruwa ce. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka juya rigar da wandon ciki waje, ka bi kowane layin ɗinki da yatsa ka ga ko an manne masa siririn tef, musamman inda ɗinki yake haɗuwa tsakanin cinyoyi. Wasu a kafaɗa kawai suke manna tef ɗin, su bar sauran haka. Irin wannan ka ajiye ta komai kyanta.

Akwai nau'i na uku, yadi mai tare ruwa yana kuma barin suracin gumi ya fita, wanda fitaccensa shi ne Gore-Tex, da ya samo asali daga binciken Bob Gore a 1969. Yana da tsada, kuma aikinsa yana raguwa idan garin yana da zafi da laima, domin suraci daga wuri mai ɗumi da danshi yake bi zuwa inda ya fi sanyi da bushewa. Ga gajeriyar tafiya zuwa aiki ban ga larurarsa ba.

Za ka ga wasu rigunan an rubuta musu lamba kamar milimita 5,000 ko 10,000. Ma'anar 10,000 ita ce yadin ya jure nauyin ruwan da aka tara masa a bututu mai tsayin mita 10 kafin ya fara tsatsafowa. Saboda gudu da dannawar zama, ina ganin kada mai babur ya sauko ƙasa da haka, amma ka tuna yadin aka gwada, lambar ba ta ce komai game da zif da wuyan rigar ba.

Wadda ba ka ambata ba, nake kuma roƙonka ka nisance ta, ita ce rigar nan mai faɗi da ake zura kai ta tsakiyarta ta lulluɓe mutum da babur. Iska tana cika ta ta riƙa fizgar mai tuƙi, tana rufe madubi da fitilar baya, kuma gefenta yana iya shiga sarƙa ko tayar baya ya fizgo mutum ƙasa.

Rigar ruwa ba ta kare fata idan aka faɗi, a kan rigar kariya ake saka ta, don haka ka gwada ta da kayan da kake hawa da su, ka zauna yadda kake zama a babur, ka miƙa hannu. Hannun rigar ya rufe wuyan hannu, ƙafar wando ta sauka kan takalmi ko da gwiwa tana lanƙwashe, amma kada ta yi yawa har ta riƙa kaɗawa, domin kaɗawar ce take cinye ɗinki. Ka duba ko an ƙara wani yadi mai jure zafi a cikin ƙafar wandon, tun da nailan da roba duka suna narkewa idan suka taɓa salansa. Launi mai haske da layuka masu ƙyalli idan fitila ta haska su sun fi baƙi nesa ba kusa ba, saboda direban da ke bayanka ta gilashi mai ruwa yake kallonka. Idan hannunka yana gangarawa ƙasa zuwa kan babur, ka cusa bakin safar hannu cikin hannun rigar, in ba haka ba ruwan da ya biyo hannu zai zube cikin safar.

Idan ka dawo gida kada ka naɗe ta a jiƙe, domin danshi yana kawo funfuna yana kuma sa shafen PU da tef ɗin su fara ɓarewa. Ka rataye ta a inuwa inda iska take kaɗawa, ka juya cikinta shi ma ya bushe, kuma kada ka kusantar da ita ga dutsen guga ko wuta.