Teburin Koyar da Wutar Sola da ta Iska: Yadda Yake Aiki a Ɗakin Gwaje-gwaje

Tun da aka ƙaddamar da tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a shekarar 2019, sannan aka buɗe mai megawat 10 a Kumbotso a farkon 2023, matasan Kano suke tururuwar koyon sana'ar haɗa sola, sai dai da yawansu sun iya ɗaura faranti a kan rufi ba tare da sun iya auna abin da farantin yake bayarwa ba. Wannan giɓi ne makarantar koyon sana'a da nake koyarwa a cikinta ta nemi cikewa da ta sayo teburin da zan yi bayani a kansa.

Tebur ne mai tayoyi, yana ɗauke da faranti biyu na sola, da fitilu masu tsayawa a matsayin rana, da fanka mai hura ƙaramin injin iska, sai na'urar daidaita caji, da batir, da inbata, da mitoci. Kowane sashe yana da ramukan soka waya, saboda haka ɗalibi ne yake haɗa komai da hannunsa, idan kuma ya juya wayoyin batir, fis ne kawai yake ƙonewa.

Ɓangaren sola shi ne ya biya kuɗinsa. Nakan sa ɗalibi ya rufe gefe ɗaya na farantin da guntun kwali, sai ka ga lambar da ke kan mita ta faɗo fiye da yadda girman kwalin zai sa mutum ya zata, domin gidajen farantin, wato ƙananan sassan da ke mayar da hasken rana wuta, a jere suke haɗe, wanda inuwa ta rufe yana tauye sauran. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai kafa wa mai gida faranti a ƙarƙashin darbejiya ko gefen tankin ruwa ba. Haka nan ana iya gwada na'urar caji iri biyu a kan faranti ɗaya, wato PWM mai sauƙin tsari da MPPT mai lalubo inda farantin ya fi ba da ƙarfi, ɗalibi ya lissafa bambancin da kansa, maimakon ya dogara da maganar mai shago.

Ɓangaren iska bai kai haka armashi ba. Yana nuna cewa idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yana ninkawa sau takwas, wanda ya isa ya fahimtar da ɗalibi dalilin da ya sa ake doguwar awon iska kafin a kafa tashar wutar iska irin ta Lambar Rimi a Jihar Katsina. Amma iskar fanka ba ta sauyawa, ga ƙara mai hana jin bayanin malami.

Babban aibin teburin a wurina shi ne ba a ƙera shi da yanayinmu a zuciya ba. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faranti a zafin digiri 25 ake auna shi, kowane digiri da ya ƙaru kuma yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari, alhali a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, farantin kansa kuma ya fi haka zafi. Ƙurar hunturu ma littafin da ya zo da teburin bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Dole ta sa muke gungura shi tsakar makaranta, mu auna kafin a goge farantin da bayan an goge. Ƙari a kan haka, fitilun da fankar da wutar layi suke aiki, idan an ɗauke ta sai an tayar da janareta.

Ina ba makarantu shawara su saya, da sharaɗin dillali ya haɗa musu da fitilu da fis na canji, ya kuma horar da malamai kafin a biya shi cikon kuɗinsa.