Gargaɗi ga marubutan Katsina kan masu alƙawarin aikin rubutu da biyan dala

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, musamman ɗalibai da matan aure masu rubutu a waya. Ya zama dole in ja hankalinku kan wata damfara da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook a nan Katsina, domin ta ritsa da ƙanwata, kuma na karanta saƙonnin da idona tun daga na farko har zuwa ranar da aka rufe zauren.

Tallan yana cewa za a koya wa mutum rubutu cikin mako biyu, sannan a haɗa shi da Turawan da za su riƙa biyansa da dala. Ƙanwata, wadda take jami'a kuma ta daɗe tana rubuta gajerun labarai, ta biya naira 5,000 kuɗin rajista. Darussan da aka turo musu wasu takardu ne da aka kwaso daga intanet, kuma har aka gama babu wanda ya duba rubutun kowa balle ya gyara masa jimla ɗaya, alhali duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san cewa da gyara hannu yake faɗawa. Daga nan sai aka ce kowa ya kawo naira 25,000 a sayar masa da asusun Fiverr (shafin intanet da ake samun aiki a yi a biya mutum) wanda aka riga aka buɗe da adireshin Amurka. Gaskiyar magana ita ce buɗe asusu a Fiverr ko takwaransa Upwork kyauta ne. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 ne daga ladan aikin da ka riga ka yi, kuma sayen asusun wani ya saɓa wa ƙa'idarsu, duk ranar da suka gano za su rufe shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da suka kira jarrabawar gwaji. An ba kowane mutum maudu'insa daban, aka ce ya rubuta kalmomi 2,000 cikin kwana uku. Ƙanwata ta yi dare biyu ba ta runtsa ba, tana yi tana kai wayarta wurin caji saboda rashin wuta. Bayan mako guda aka ce mata rubutun bai kai ba, ta sake wani. Da na ɗauki jimla ɗaya daga na farkon na saka a Google, sai ga rubutun nata sukutum a wani shafi da sunan wani, ko waƙafi ba a canza ba. Jarrabawa ta gaskiya tambaya ɗaya ake yi wa kowa domin a auna su da juna. Idan kun ga an raba wa mutum talatin maudu'i talatin, to aikin da wani ya biya kuɗinsa ne ake sa ku yi a banza. Kuɗi ana iya mayar da shi, amma tun ranar da ta ga guminta da sunan wani yarinyar nan ba ta sake rubuta ko layi ɗaya ba.

A ƙarshe suka turo mata saƙo cewa ta sami dala 150, amma sai ta biya kuɗin fito da su, ta kuma turo lambar BVN da lambar sirrin da banki zai aiko mata. Allah ya sa a nan ta zo ta ce, “Yaya, duba mini wannan.” Wannan ita ce tsohuwar damfarar nan da ake kira 419, wadda ta samo sunanta daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka. Na je adireshin da suka bayar a wajen Ƙofar Ƙaura, na tarar da shagon mai POS wanda bai taɓa jin sunansu ba. Asusun da ake tura kuɗin ma da sunan mutum ɗaya yake, kuma da na bincika sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, babu shi.

Wasunsu da sunan gasar rubutu suke zuwa, ko su ce za su samo maka lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a farashi mai tsada. Ku tuna gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ba ta karɓar kuɗin shiga, kuma lambar ISBN a Najeriya Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayar da ita. Akwai malamai na kirki masu karɓar kuɗin koyarwa, kuma haƙƙinsu ne, amma za ka san sunansu, ka karanta rubutunsu, ka ga ɗalibansu.

Duk wanda aka nema da irin wannan aiki, ya nemi a rubuta masa ladan da ranar biya, ya karɓi rabin kuɗinsa kafin ya fara, kuma gwajin da ba a biya kada ya wuce sakin layi biyu. Wanda kuma ya riga ya tura musu kuɗi, don Allah kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya ajiye rasit da hotunan hirar, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Mu mun kai tamu, kuma mun ji cewa sun buɗe sabon zaure da wani suna daban.